Gonar Malam Wada a Ƙarƙashin Ruwa

Gonar Malam Wada wata huɗu take yi a sarari, sauran wata takwas ɗin tana kwance ƙarƙashin ruwan Tiga. Wanda bai san wannan ba, to bai san komai game da mutumin ba.

Yana ɗan shekara goma sha shida aka datse kogi, ruwa ya taso ya cinye garinsu, Marke. Aka kwashe mutane aka kai su kan tudu ta wajen Bebeji, suka kafa bukkoki, suka raɗa wa wurin Sabuwar Marke don kada sunan ya mutu. Amma ruwa, duk haɗamarsa, yana da ranar kunya. In rani ya yi nisa, aka saki ruwa ga masu noman rani na ƙasa, sai tafkin ya ja da baya, gefen tsohon garin ya fito, baƙar laka mai taushi. Sai mutanen Sabuwar Marke su gangara, kowa ya nufi inda gidan ubansa yake a da, ya dasa albasa da dankali da kankana cikin danshin, ya kwashe kayansa kafin damina ta dawo da mai wurin.

Ba a yin shinge a can. Wane shinge zai kwana wata takwas a ruwa? Iyakar kowa ita ce abin da ruwa ya kasa ɗauka. Ta Malam Wada huɗu ce: bakin tsohuwar rijiya daga gabas, kututturen marken da garin ya ci sunansa daga kudu, faffaɗan dutsen da ladan yake hawa ya kira salla daga arewa, sai dutsen niƙan mahaifiyarsa daga yamma. Shekara hamsin yana noma tsakanin waɗannan huɗun, ba wanda ya taɓa ce masa matsa.

To, a wata damina, cikin watan Agusta, sai gwamnati ta ce za a rubuta duk masu noma a bakin tafkin. Wanda aka rubuta, a ba shi takarda ya ci gaba da nomansa. Filin da ba a sami mai shi ba kuwa, a kafa masa turaku, ya zama na ruwa, kada kowa ya ƙara sa masa fartanya. Ma'aikacin da aka turo ya zo da waya a hannu, ya tambayi Malam Wada ina gonarsa. Malam Wada ya kai shi bakin ruwa, ya miƙa sandarsa can cikin tafki, ya ce, "Ga ta can." Ma'aikacin ya dube shi, ya dubi ruwa, ya danna abin da zai danna. Ya ce, "Wane gari?" Malam Wada ya ce, "Marke," don gonar a Marke take, ba a Sabuwa ba. Haka magidanta arba'in da ɗaya suka yi ranar, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya gaya wa baƙon cewa ruwan nan janyewa yake da rani. Wa zai tsaya yana gaya wa babban mutum rana daga gabas take fitowa? Shi kuma bai tambaya ba, kada a ce ɗan boko bai san komai ba. Kunya ta gamu da kunya, aka rabu ana godiya.

Bayan sati shida aka liƙa sunaye a bangon makarantar firamare. Malam Wada ajami kawai yake karantawa, don haka ya tafi da Jibrin masunci, abokinsa tun suna yara a tsohon garin, wanda ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci. Jibrin ya bi layi da yatsa har ƙasa, ya sake hawa sama. Sannan ya matsa ga wata takarda ta gefe mai jan layi.

"Ga ka nan, Wada. Kai ne ma na farko."

"To, alhamdu lillahi."

"Kada ka yi saurin godiya. Wannan takardar manoman bogi ce. An ce babu gari mai suna Marke, kuma inda ka nuna ruwa ne zalla." Jibrin ya tuntsire da dariya. "Ashe shekara hamsin sana'ata kake yi kana ɓoyewa! Gobe ka zo in ara maka raga."

Malam Wada bai yi dariya ba. Ya juya ya tafi gida, ya zauna a zaure. Matarsa Hindu ta kawo tuwo, ta dawo ta tarar ko murfin bai ɗaga ba.

Ta ce, "Malam, ba tuwon nan ne ya rubuta ka a jan layi ba."

"Bogi, Hindu. Da furfurata. Za su kafa turaku a kan dutsen Inna."

"To zaman zaure ne zai hana su? Wanda ya liƙa takarda ai yana da wurin zama. Matambayi ba ya ɓata."

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau ƙaramar bas zuwa ofishin shirin, wani gini mai ɗaki biyu a bakin titin da ya nufi Tudun Wada. Shugaban wurin, Mustapha, mutum ne mai ladabi, ya tashi ya ba shi kujera, suka gaisa har iyali. A kusurwa wata ma'aikaciya mai suna Badiyya tana zaune gaban kwamfuta, ta russuna ta gaishe shi ta koma aikinta.

Da Malam Wada ya gama bayani, Mustapha ya ce, "Baba, wallahi ba ni na cire ka ba. Na'ura ce. Ƙirƙirarriyar basira ake ce mata. Tana duba hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa daga sama, ta gwada da abin da mutum ya faɗa. In ta ga gona, ta ce gona. In ta ga ruwa, ta ce ruwa."

"To kira mini ita, ranka ya daɗe."

"Ba a kiranta, Baba."

"To wa ke gaba da ita, in je in gaishe shi?"

Mustapha ya shafa kai. "Baba, ka san yadda ake yi a da. In aka ce a rubuta manoma, sai ka ga sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, har da waɗanda suka daɗe a kabari. Shi ya sa aka kawo ta, mu kuma aka ɗaure hannunmu. In na taɓa suna ɗaya, gobe za a ce an ba ni wani abu."

Malam Wada ya san gaskiya ce. Da idonsa ya ga shekarar da aka rubuta wani dillalin babura a matsayin mai gona goma. Ruwa ba ya tsami banza.

"Akwai hanyar ƙorafi," in ji Mustapha. "Ka kawo hoton gonar da shuka a tsaye kafin ƙarshen Oktoba. Daga nan an rufe."

"Ranka ya daɗe, a Oktoba kifi ne ke kiwo a gonata."

"To ka gani, Baba? Kai ma da bakinka ka faɗa."

Malam Wada ya ɗauki sandarsa zai tashi. Sai Badiyya ta juyo daga kusurwa.

"Baba, yi haƙuri. Yaushe kake shuka?"

"In sanyi ya wuce, ruwa ya ja."

"Ruwan ja yake yi?"

Ya tsaya ya dube ta da kyau. Wata biyu ke nan ana wannan sha'ani, an zo da waya, an zo da takarda, an zo da tauraro, sai yau aka sami mai tambaya. Ya koma ya zauna. Ya ba ta labarin Marke tun daga ranar da ruwa ya shiga masallaci, ya faɗa mata duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta juya ga kwamfutarta, ta daɗe tana bincike, sannan ta ce, "Yallaɓai, zo ka gani. Hotunan Yuni zuwa Satumba kaɗai aka ba ta. Waɗanda suka tsara ta sun ɗauka duk gona ta damina ce."

Mustapha ya leƙa. "To ki duba na rani mana."

"Na duba. Wurin da abokin aikinmu ya danna wa Baba can tsakiyar tafki ne, da ka ya yi shi. Can ko a Afrilu ruwa ne. Sai na sami ainihin kusurwoyin gonar, in tsaya a kansu da waya."

"Sai rani ke nan," in ji Mustapha. "Kafin nan an rufe."

Malam Wada ya ce, "Akwai mai kai mu a kwalekwale."

Mustapha ya ɗaga hannu biyu. "Badiyya, shiga ruwa ba ya cikin aikinmu. In kika nutse wa zai rubuta rahoto?"

"Kai mana, yallaɓai. Ai ka fi ni iya rubutu."

Ya dube ta, ya dubi tsohon da farar rigarsa. Ya ce, "Ni dai ban ce ki je ba, ban kuma ce kada ki je ba."

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a bakin tafki. Badiyya ba ta taɓa shiga kwalekwale ba. Ta ƙulle wayarta a leda, ta ɗaure a wuyan hannu, ta zauna a tsakiya ta riƙe gefe biyu tana karanto duk addu'ar da ta sani. Jibrin ya tsaya a baya da doguwar gwangwalarsa yana tuƙi.

"'Yar nan, saki jirgin, ba gudu zai yi ba. Shekara hamsin ina yawo a kan gonar wannan tsohon, ko albasa ɗaya bai taɓa cewa ga ladan gadi ba."

"Gadi ko sata?" in ji Malam Wada. "Duk kifin da ka kama, ganyen dankalina ya ci ya yi ƙiba."

Jibrin bai duba ruwa ba, tudu yake kallo. Ya daidaita wata giginya ta bakin gaɓa da kan wani tsauni can nesa, ya tura jirgin kaɗan, ya juya shi, sannan ya zura gwangwala a hankali. Ta nutse cikin laka ba ƙara. Ya matsa, ya sake zurawa. A karo na uku sai suka ji ƙwas.

"Ga kututturenka. Raga uku ya yaga mini, ko barci nake na san inda yake."

Badiyya ta saki gefe ɗaya, ta danna wayar ta cikin leda. Daga nan suka nufi rijiya, gwangwalar ta bi da'irar duwatsun bakinta, ta tsakiya kuwa ta wuce ba ta taɓa ƙasa ba. Dutsen ladan bai ba su wuya ba, faɗinsa ya kai tabarma. Uku ke nan.

Na huɗun ne ya ƙi. Dutsen niƙa ba babba ba ne, kuma kowace shekara laka takan rufe shi, sai an tono. Jibrin ya soka nan, ya soka can, rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga. Iska ta fara tasowa, jirgin yana rawa, hadari yana haɗuwa ta gabas.

Badiyya ta ce, "Baba, ko mu ƙiyasta na huɗun?"

"Ƙiyasi ne ya kawo mu nan, 'yata."

Ya tuɓe rigarsa ya naɗe, ya miƙa mata ta riƙe. Jibrin ya ce, "Wada, kai fa ba yaro ba ne." Bai saurare shi ba. Ya sa aka koma da jirgin kan rijiya, ya fuskanci yamma, inda ƙasar take hawa. Da suka kai inda gwangwala ta nuna ruwan bai wuce ƙirji ba, ya kama gefen jirgi ya zura ƙafafunsa. Sanyin ruwan ya kama shi har ƙashi. Ya fara takawa cikin laka, hannu ɗaya a kan jirgin, yana lalube da tafin ƙafa. Wannan hanyar ya bi da tulu a ka sau dubu yana yaro, daga rijiya zuwa inda Inna take durƙushe tana niƙa, tana yi masa faɗan ya zubar da rabin ruwan a hanya. Ƙafa ba ta manta abin da ido ya daina gani.

Sai ya tsaya. Ya murza laka da yatsun ƙafa, ya sake murzawa. Dunduniyarsa ta zauna cikin wani kwarmi mai santsi, kwarmin da hannun mace ɗaya ya yi cikin shekara talatin na niƙan gero.

Ya ɗago kai ya dube su. Jibrin ya kawo jirgin daidai kansa. Badiyya ta miƙa hannu saitin kafaɗar tsohon, ta danna. Sannan suka jawo shi ciki, haƙoransa suna kaɗawa, suka fita kafin ruwan sama ya sauko.

Ranar Litinin Malam Wada ya koma ofis yana tari. Wutar lantarki ta ɗauke, aka jira aka tayar da janareta, sabis ya zo ya tafi ya dawo. Can Badiyya ta ce, "Baba, matso." A fuskar kwamfutar ga ɗigo huɗu a kan shuɗin ruwa. Ta danna, ta ce, "Wannan Maris ɗin bana ne." Ruwan ya ɓace. Tsakanin ɗigon huɗu ga kore shar, layi-layi, bai wuce iyaka ba ko da taku ɗaya. Ta sake dannawa. Bara. Bara waccan. Har shekara tara, kowace shekara koren yana nan inda yake.

Malam Wada ya sa yatsa a kan gilashin. "Nan kankana ce. Shekarar da Hindu ta yi ciwon ƙafa, rabi kawai na dasa. Ga shi kuwa, rabi." Ya girgiza kai. "Ashe tana gani."

"Tana gani, Baba. Abin da aka tambaye ta ta amsa."

Badiyya ta nuna wa na'urar gonar, ta ce ta nemo masu kama da ita a duk bakin tafkin. Kafin Malam Wada ya gama shan ruwan da aka ba shi, ta fito da su: na mutanen Sabuwar Marke arba'in da ɗaya, da wasu da yawa can ta ɓangaren Tudun Wada, mutanen da ko ƙorafi ba su zo ba, sun riga sun sallama wa Allah.

Saura takarda zuwa ga manya a Kano, a roƙi a sake tambayar na'urar da hotunan rani. Badiyya ta rubuta, ta ajiye gaban Mustapha. Ya karanta sau biyu, yana juya biro a hannu.

"In na sa hannu, na ce manya sun yi kuskure ke nan."

Malam Wada ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su yi ƙarya ba, ba su san wurin ba ne. Mu ma da muka sani ba mu faɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai nuna ba, kada ya zagi mai yaɓe. Ka rubuta laifin namu ne da su, ni zan dangwala."

Mustapha ya yi murmushi, ya ce ba sai ya dangwala ba. Ya sa hannu.

Sati uku ba labari. Malam Wada ya ga motar turaku ta wuce ta kan titi da idonsa, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ana saura kwana biyu a rufe, aka liƙa sabuwar takarda a bangon makaranta. Jibrin ya bi layi da yatsa, ya tsaya.

"Wada ɗan Adamu. Gari, Marke." Ya sake dubawa. "Marke fa suka rubuta, ba Sabuwa ba. Yarinyar nan ta sa an mayar da garinmu cikin littafin gwamnati."

Malam Wada ya ce ya sake karantawa. Ya sake. Ya ce ya ƙara.

Da rani ya yi, ruwa ya ja, albasa ta yi kai, sai ga Badiyya a kan babur ɗin haya, ta ce ta zo ganin inda ta kusa mutuwa. Malam Wada ya zaga da ita a ƙasa busasshiya, ya nuna mata rijiya, da kututture, da dutsen ladan. A kusurwar yamma ya durƙusa ya share laka da hannu. Ta tsuguna ta sa tafinta cikin kwarmin dutsen, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ya riga ya cika buhu da albasa, zaɓaɓɓiya, ya ce a ɗora mata a babur. Ta ce, "Baba, ka rufa mini asiri. In na karɓa, abin da ake tsoro ya tabbata ke nan."

Ransa ya so ya ɓaci, don a Marke ba a mayar da hannun kyauta. Amma ya tuna dillalin babura mai gona goma, ya ce a sauke buhun. Hindu ta ce to fura dai ba cin hanci ba ce, ta dama mata a ƙwarya, suka zauna kan dutsen ladan ta sha.

Jibrin ya ce, "Ita na'urar fa, Wada? Ko ita za a kai wa albasar?"

"Baƙuwa ce," in ji Malam Wada. "Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa, sai an kama masa sanda. Amma shekara tara tana riƙe mini shaida ban sani ba, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ita ma na gode mata." Ya juya ga Badiyya. "Ke kuwa, 'yata, ba ni da abin da za ki karɓa sai wannan."

Ya ɗaga hannu biyu, da laka a tafinsa. Hindu ta ɗaga, Jibrin ya jingine gwangwala ya ɗaga. Ya roƙa mata Allah ya sa duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa ta sami mai tambayarta abin da ya kawo ta. Suka shafa. Sannan ya ɗauki fartanyarsa, don ruwa ba ya jiran mai hira, saura wata biyu ya dawo.